Ɗana na son haɗa pati a gida bayan GCSE, ni kuma giya nake tsoro

Maman Sadiq, Leeds

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, kuma ku yi mini haƙuri zan ɗan ja zancen, domin in ban ba ku labarin abin da ya faru a watan Nuwamba ba, ba za ku gane dalilin da maganar nan take hana ni barci ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya. Na zo Ingila a 2019, maigida da yara suka iso daga baya. Babban ɗana Sadiq yana da shekara 16, zai fara jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare a nan, a watan Mayu ya gama a Yuni. A nan in yara sun ajiye biro, makaranta takan shirya musu liyafar bankwana, da malamai a wurin, komai tsaf. Wannan ba ta dame ni ba. Abin da ke biyo bayanta ne damuwata: patin da ake watsewa a tafi gidan ɗaya daga cikinsu, inda babu malami, sau da yawa ma babu babba ko ɗaya da idonsa ke kansu.

Wata Asabar a Nuwamba na dawo daga aikin awa 12, na yi Isha'i na kishingiɗa. Sadiq yana gidan wani ɗan ajinsu da ya cika shekara 16. Ni na roƙar masa izini wurin babansa, a kan zan ɗauko shi ƙarfe 11. Goma saura kwata waya ta yi ƙara. Ina ɗagawa na ji kiɗa na tashi, muryarsa kuma tana rawa. Ya ce, "Mama, ki zo yanzu. Akwai wata yarinya a waje, mun yi mun yi ta ƙi tashi." Na ce tana numfashi? Ya ce e, amma wani irin minshari take yi. Na ce ya juya ta ta kwanta a gefenta, ya ɗan ɗaga mata haɓa, ya kira 999, lambar agajin gaggawa. Ya ce sauran sun ce kada wanda ya kira, 'yan sanda za su zo kowa ya shiga uku. Na ce, "Sadiq, kashe wayar nan ka kira su. Kai za ka kira."

A lambun bayan gida na same ta, kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, cikin sanyin da ke sa yatsu su ƙage. Shekararta 15, daga ita sai 'yar riga shara-shara. Amai ya ɓata mata gashi, fuskarta ta yi fari fat, hannunta kamar an ciro shi daga firji. Rigar sanyin Sadiq ce lulluɓe a jikinta. Na durƙusa na zuba wa ƙirjinta ido ina ƙirga numfashi, yana fita a hankali, da tazara a tsakani. Kusa da ƙafarta akwai gorar ruwa, irin wadda kowane yaro ke zuwa da ita makaranta, saura kaɗan a ciki. Na buɗe na shinshina. Bodka ce, farar barasar nan da ido ba ya bambanta ta da ruwa. Yaran gidan sun fi talatin. Wasu sun yi cirko-cirko, wasu suna tsallake shinge suna gudu, ɗaya kuma ya haska ta da waya yana ɗaukar bidiyo.

Sai da fitilar motar asibiti ta haske tagogi sannan matar gidan ta sauko daga bene da rigar barci. Jikinta na ɓari, tana ta maimaita mini cewa ita giyar tuffa kawai ta saya musu, gwangwani bibbiyu, don a ganinta gara su sha a gabanta da su sha a bakin titi. Ban ce mata uffan ba a lokacin. Amma ai ba a gabanta suka sha ba. Tana sama ta rufe ƙofa tana kallon talabijin, wai don kada ta takura musu.

Yarinyar ta kwana a asibiti, ta tashi lafiya, alhamdu lillahi.

A mota muna komawa na ji warin a bakin ɗana. Sau ɗaya na tambaye shi, bai yi mini ƙarya ba: rabin gwangwani, an miƙo masa kowa na kallonsa. Har muka iso gida ban iya buɗe baki ba. Abu biyu suka tokare mini ƙirji. Yaron da na kai Islamiyya tun yana ɗan shekara huɗu ya kai haram bakinsa. Kuma shi ɗin ne kaɗai cikin yara talatin ya ɗauki waya ya kira babba, alhali ya san zan ji warin. Washegari na faɗa wa babansa duka biyun. Shi na farkon ya riƙe, ya ce shi da pati har abada.

Daga baya na zauna na karanta dokar ƙasar nan, jikina ya ƙara yin sanyi. An hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, an kuma hana babba ya shiga shago ya sayo a madadinsa. Amma a cikin gida, abin da doka ta haramta kai tsaye shi ne a ba yaron da bai kai shekara 5 ba. Biyar fa. Shawarar da babban likitan gwamnati ya fitar a 2009 ta ce mafi alheri yaro ya tashi bai sha ba sam, kuma ko kusa kada ya fara kafin 15, to amma shawara ce. Ke nan ba hukuma ce za ta tsare mini ɗa a falon wani ba.

Makon jiya ina kicin ina yanka albasa, Sadiq ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya ce, "Mama, ki roƙi Baba a yi a gidanmu." Abokansa ashirin, a gasa nama a lambu, babu giya. Ya ce, "In ba a nan ba, a wani gidan za a yi, kuma kin ga yadda ake yi." Babansa ya ce gidan da ake shimfiɗa sallaya ba za a mai da shi filin casu ba, ga kuma cakuɗuwar maza da mata. Ina ganin hujjarsa, wallahi ina gani. Abin da nake tsoro shi ne mu rufe duk ƙofa, yaron ya koyi fita ta taga, ran da kuma wani abu ya faru ya kasa kiran uwarsa.

Waɗanda suka taɓa tara yara a gidansu, yaya kuka hana giya shigowa? In kuma gidan wasu zai je, da wane baki zan tambayi iyayen da ba addininmu ɗaya ba, ba al'adarmu ɗaya ba, ba tare da sun ji na raina tarbiyyarsu ba?

Baffan Yara, Kano

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan abin da kika yi wa yarinyar nan, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Amma ni ina bayan maigidanki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yau rabin gwangwani, gobe fa? Duk wanda ya ce miki za a tara yara ashirin masu tashen balaga, ga kiɗa ga dare, a tashi lafiya ƙalau, bai faɗa miki gaskiya ba. Shawarata, yana gama jarrabawa ki yankar masa tikiti ya taho Zariya wurin kakanninsa. Ya yi wata biyu, ya ga dangi, ya zauna gaban malamai. Kafin ya koma duk wannan hayaniyar ta wuce.

Malama Rifkatu, Jos

Baffa, da girmamawa, amma gida ma ba tudun mun tsira ba ne. Shekarata 19 ina koyarwa a sakandare. Duk shekara in 'yan aji shida sun gama WAEC da NECO, sai su sa fararen riguna su yi ta rubuce-rubuce a jikin juna, mu malamai mu yi musu addu'a su fita. Daga bakin ƙofar makaranta kuma sai gidan wanda iyayensa suka yi tafiya, ko ɗakin otal da suka yi karo-karo suka kama. Abin da ake shiga da shi ba ya cika aljihu: giyar leda, ƙwayar tiramol, maganin tari da aka juye cikin kwalbar lemo. Kada a manta sai a 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, bayan BBC ta nuna yadda ya ci matasa, har da na Kano. Shi ba ya wari irin na giya, shi ya sa ya shiga gidajen da kwalbar giya ba ta taɓa shiga ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC kuma tun 2024 take fama a kan giyar leda da ƙananan robobi, domin yaro na iya saya da kuɗin tara, ya sa a aljihun wandon makaranta. 'Ya'yan Kirista da na Musulmi duk na kama da idona. Hutu a Zariya abu ne mai kyau, amma can ma sai an sa ido.

'Yar'uwa, ni na yi wa 'yata irin wannan patin bara. Da rana muka yi, ƙarfe biyu zuwa shida. Mu uku ne manya, ni da ƙanwata da wata maƙwabciya. Ba mu zauna a kansu ba, amma ba a yin minti goma wata ba ta ratsa tsakar gida da tire ba, yanzu cincin, an jima kaza, an jima zoɓo. Duk abin sha daga hannunmu ya fito. Su suna ganin hidima muke yi musu, kuma hidimar ce, sai dai idonmu na aiki. Ki cika musu ciki, ki bar fitilu a kunne, kada a samu lungun da babba ba ya bi.

Baban Ilham, Maryland

Maman Sadiq, sannu da ƙoƙari. Mu a Amurka sai ɗan shekara 21 ake sayar wa giya, tun dokar 1984 da ta ce duk jihar da ta ƙi za a rage mata kuɗin gina hanyoyi. Duk da haka yara suna sha, kuma galibi a ɗakin ƙasa na gidan wani. A nan jiharmu, a watan Yunin 2015, wasu samari biyu da suka gama sakandare suka mutu a hatsarin mota a gundumar Montgomery, bayan sun fito daga wani pati. Wanda ya ja motar shi ma yaro ne, ya sha. Uban gidan yana nan a daren, ya san ana sha. Tarar dala 5,000 kawai aka iya cin sa, domin doka ba ta tanadi ɗauri ba. Iyayen mamatan suka tashi tsaye, a 2016 aka gyara ta, yanzu babban da ya bar yara suka sha a gidansa, wani ya ja mota aka yi kisa ko mummunan rauni, yana iya shan ɗaurin shekara guda. Duk Bahaushen da ke zaune a nan ya binciki dokar jiharsa, don sun bambanta.

Maganar matar nan ta gara su sha a gabana, na ji ta a bakin iyaye da yawa, masu son 'ya'yansu tsakani da Allah. An gwada ta. A Ostireliya an bi yara kusan 1,900 tsawon shekara shida, aka buga sakamakon a 2018: waɗanda iyayensu ke ba su ba su samu wata kariya ba, hasali ma sun fi samo ta daga wasu wurare daga baya. Ƙasar da ta yi abin a zo a gani ita ce Aislan. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na yara 'yan 15 da 16 sun ce sun bugu a cikin watan da ya wuce. A 2016 saura kashi 5. Wa'azi bai yi musu aiki ba, sai suka cika wa yara lokaci da wasanni, suka sa dokar cewa ɗan 13 zuwa 16 ba ya yawo a waje bayan goman dare da hunturu, ko sha biyu da bazara. Abin da ya fi kama ni shi ne iyayen aji guda sukan sa hannu a yarjejeniya: babu pati ba babba, babu mai saya wa yaro giya. Yaro ba zai dawo ya ce miki ai iyayen kowa sun yarda ba, tunda kin san ba su yarda ba. Mu da muka tashi a inda ɗa na kowa ne, ai wannan namu ne muka bari.

Game da kiran iyaye, na yi ya fi sau goma saboda Ilham. Ba na fara da addini, ba na fara da tuhuma. Nakan gode musu da gayyata, in tambaya ko akwai abin da zan kawo. Sannan in ce: za ku kasance a gida har a tashi? A ƙasa tare da su? Akwai giya? Tawa ba ta sha, ƙarfe kaza zan zo ɗaukarta, ga lambata. Mutum ɗaya ne ya taɓa jin haushi, 'yata kuma ba ta je gidansa ba. Sauran har godiya suke yi, wasu ma su ce da ma suna neman wanda zai fara maganar. Kuma in kin kai shi kada ki sauke shi a bakin titi. Ki fito ki ƙwanƙwasa ƙofa, ki gaisa da mai gidan ido da ido.

Ummi, Manchester

Anti, ina wuni. Ni a nan na girma, shekarata 22, ina jami'a. Ku yi haƙuri manya, zan faɗi abin da muka riƙa yi, don na san Sadiq ba zai iya faɗa miki duka ba.

Mafi yawa ba a gidan patin ake fara sha ba. Ana haɗuwa a wurin shaƙatawa na unguwa awa guda kafin lokaci, a shanye da sauri-sauri, a iso ana tauna cingam. Shi ya sa wanda ya buɗe ƙofa ya zama babba, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, kusa-kusa. Wanda za a shigo da shi kuma, gorar ruwa kin riga kin gani. Akwai kwalbar lemon da aka rage aka cika, akwai hannun rigar sanyi, akwai jakar da aka jefo ta kan shinge tun da rana aka ɓoye a cikin shuke-shuke. Ki zaga lambunki da kanki kafin su iso. Masu sayowa yawanci yayye ne 'yan 18, saboda shaguna suna tambayar katin shaida in fuskarka ba ta kai 25 ba. Dokar da ta fi kowace aiki ita ce wanda ya fita ya fita ke nan. In kika ga ana ta cewa bari in amsa waya a waje, akwai abin da aka ajiye a bayan wata mota. Ki kula da banɗaki in mutum uku sun shiga tare. Ki kula da balan-balan da ƙananan gwangwanayen ƙarfe masu sheƙi, iskar sa dariya ce ake shaƙa, tun Nuwamban 2023 ta zama laifi amma ba ta ɓace ba. Kada kuma adireshinku ya hau Snapchat. Mutum ashirin sukan koma tamanin a cikin awa guda, rabinsu Sadiq bai taɓa ganin su ba.

In wani ya iso a buge, don Allah kada ki kore shi titi shi kaɗai. Ki zaunar da shi a kicin ki kira iyayensa. Kada kuma ki tozarta shi a gaban sauran, Sadiq ne zai biya a makaranta.

Abin da ya sa na yi rubutun nan shi ne wannan. Ni gidanmu an hana komai, babu tattaunawa. Sai na koyi cewa zan kwana gidan ƙawata mu yi karatu. Ina 16 wani dare na tsinci kaina a unguwar da ban sani ba, ƙarfe biyu, ƙawar da muka zo tare ta yi mankas, wasu maza manya da ba mu sani ba sun shigo gidan. Wayata na hannuna, lambar Abbana na kan allo. Na kalle ta na kasa dannawa, don na fi tsoron fuskarsa a kan abin da ke gabana. Muka taka da ƙafa kusan awa guda ina riƙe da ita. Allah ne ya tsare. Har yau bai sani ba, kuma na san da na kira da ya zo ko ba takalmi.

Sadiq ya danna, Anti. Ki yi masa faɗan rabin gwangwanin yadda ya kamata, amma ya ji daga bakin babansa cewa kiran da ya yi daidai ne. Ku kuma yi wata alama tsakaninku, ko da harafi ɗaya ne zai turo, ke kuma ki kira ki ce ana neman sa a gida yanzu. Sai ya fita yana ƙorafin iyaye, mutuncinsa bai zube ba. Ya riƙa riƙe kofinsa da lemo a ciki tun shigarsa, hannun da ke riƙe da abu ba a cika miƙa masa wani ba. Cewa ba na sha, in an faɗa sau ɗaya ba tare da dogon bayani ba, ya fi aiki fiye da yadda yake zato. Yanzu akwai da yawa da ba sa sha, har cikin Turawan.

Maman Sadiq, Leeds

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baffa, maganarka ba ta faɗi ƙasa ba, za su je Zariya a Agusta in sha Allahu, da ma kakarsa ta daɗe tana ƙorafi.

Daren Juma'a bayan yara sun hau sama na karanta wa babansa amsoshinku. Yana ta musu har na zo kan ta Ummi. Da na kai wurin lambar Abbanta a kan allo, sai ya ce in tsaya. Ya daɗe bai ce komai ba, shayinsa ya huce a hannu. Can ya tashi ya hau sama, na ji ya ƙwanƙwasa ƙofar Sadiq. Ban bi shi ba. Sun fi rabin awa. Abin da Sadiq ya faɗa mini da safe kawai shi ne, "Baba ya ce ko ƙarfe nawa ne in kira shi, faɗa sai gari ya waye."

Ya yarda, da sharuɗɗansa. Mutum 16, sunayensu a takarda, wanda ba ya ciki ba zai shiga ba. Daga biyar na yamma zuwa tara da rabi, kuma a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai goma saura, ke nan da haske za a fara da haske za a tashi. Shi da kansa zai tsaya kan gashin tsire, ya ce a ajiye masa murhun dab da ƙofar lambu ta baya. Ni ce a ƙofar gaba, wata abokiyar aikina 'yar Ghana za ta riƙe kicin. Jakunkuna da rigunan sanyi a falo, bene a rufe, babu mai shigowa da abin shansa. Zoɓo da kunun aya zan yi, da lemon gwangwani. Iyaye su zo ɗauka da kansu, domin na san wasu za su so zarcewa wani gidan, Sadiq dai daga nan sai ɗakinsa. Na riga na yi musayar aikin daren ranar.

Akwai abin da nake so duk mai karanta wannan ya koya wa ɗansa, ko yana sha ko ba ya sha, don wata rana shi ne zai tsaya a kan ɗan wani. Kwalbar bodka ta santilita 70 tana da awo 28 a lissafin nan ƙasar, hanta kuma kusan awo ɗaya take iya narkarwa a awa, a jikin babba ma ke nan. Yarinya ƙaramar jiki da ta kwankwaɗi rabin gora a minti ashirin, barasar tana ci gaba da hawa jininta bayan ta daina sha, har bayan ta kwanta. Shi ya sa cewa a bar ta ta yi barci ta wartsake yake kashe yara. Kofi ba ya sauke ta, wankan ruwan sanyi ƙara mata sanyi yake yi, sa ta yin amai da gangan kuma yana iya shaƙe ta. In an girgiza mutum bai farka ba, ko numfashinsa ya yi jinkiri ko yana yankewa, ko jikinsa ya yi sanyi leɓɓansa sun sauya launi, ko yana amai bai san yana yi ba, a kwantar da shi a gefe, a lulluɓe shi, a kira motar asibiti, kada a bar shi shi kaɗai ko na minti ɗaya. Ma'aikatan da za su zo rai suka zo ceta. A faɗa musu gaskiyar abin da ya sha.

Baban Ilham, na bi hanyarka, na kira iyaye tara zuwa yanzu. Bakwai sun ji daɗi, wata har ta ce za ta kawo kek. Ɗaya ya yi ta mamaki. Wata kuma ta ce ita takan ba 'yarta gwangwani biyu ta tafi da su, don kada ta karɓi na wani. Na ce mata na gane tsoronta, nawa ne ni ma, amma gidana babu, kuma na yi mata alkawarin ba wanda zai miƙa wa 'yarta komai sai abin da na zuba da hannuna. Ta yi shiru, sannan ta ce to.

Saura bakwai. Biyu daga ciki na ajiye ƙarshe. Ɗaya yaron da aka yi patin Nuwamba a gidansu ne, ke nan sai na yi magana da matar nan da ta sauko da rigar barci. Ɗayan kuma suna na 16 a takardar, Sadiq ya rubuta shi da ƙaramin rubutu a can ƙasa: yarinyar da na durƙusa a kanta. Ya ce tun da bidiyon ya zaga makaranta ba wanda ya ƙara gayyatar ta ko'ina, ita kaɗai take cin abincin rana. Babansa ya karanta sunan, ya miƙo mini takardar bai goge ba. Lambar mahaifiyarta na manne a jikin firji tun shekaranjiya. Gobe in na taso aiki ƙarfe takwas zan kira ta.